Ɗakin Iya Ba Ya Cin Mutum Uku

Shekarar da za mu tashi daga gidanmu na Birni ina 'yar ƙarama a lakwal, wato makarantar boko, kuma ba na jin akwai yarinyar da ta kai ni kumbura fuska a duk faɗin Damagaram. Baba ya gama ginin siminti a wata sabuwar kartiye, wato unguwa, can bayan gari, kowa a gidan yana murnar rabuwa da yaɓe da yoyon damina. Ni ma ina cikin masu murnar, har ranar da na ji shi durƙushe a bakin ɗakin mahaifiyarsa, kakarmu da kowa ke kira Iya, yana yi mata bayani.

"Iya, ɗakin can bai kai rabin wannan ba. In aka sa gado aka yi jere, ya cika. Zuwaira ta kwana da ke kamar yadda kuka saba, Barira kuwa sai ta koma wurin uwarta."

Iya ta ce, "Allah Ya kai mu."

Barira ni ce. Zuwaira yayata ce, 'yar fari, wadda mahaifiyarmu ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya. Tun ranar yaye aka miƙa wa Iya ita, ta zama tata halak malak. Ni ba wanda ya ba Iya ni. Da ƙafata na kai kaina, na ja 'yar tabarmata na shimfiɗa a gindin gadonta don gudun fitsarin ƙannena. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma taɓa cewa na zama tata ba. To ga shi an zo rage kaya, kuma ni ce farkon abin da aka rage.

Baba ya ce kamyon, wato motar kayan da ya samo, zuwa ɗaya zai yi, don haka kowa ya fito da tarkacensa tsakar gida. Na Iya ya fi na kowa, domin ita mace ce da ko murfin kwalba ba ta yarwa. Daga ƙarƙashin gadonta aka jawo faifan da gara ta cinye, da ludayi marar hannu, da tsummokaran da ta ce za ta yi ƙunzugu da su tun kafin a haifi Baba. Maƙwabta suka yi ta shigowa wai ban kwana, baki yana cewa za a yi kewarmu, ido yana kan turmi. Iya tana zaune a kujerarta ta tsuguno tana yanke hukunci: wannan a tafi da shi, wannan a ba wance, wannan wuta ta ci.

Abu ɗaya ne ba a kawo gaban hukunci ba, shi ne jerenta. Fanteka da langa da tasoshi ne, an ɗora wani kan wani sun cika bango guda har suna neman taɓa azara. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tara su, kuma ba a taɓa cin tuwo a ko ɗaya ba. A wurinmu wadda ta riƙe yarinya ita ke yi mata kayan ɗaki, saboda haka kowa ya san jeren nan na Zuwaira ne ranar da za a kai ta gidanta. A makon nan suka sauke su su biyu, suna gogewa da toka, Iya tana cewa, "Riƙe da kyau, naki kike wankewa." Ina gefe ina kallo kamar in fashe. Kwanonin ma an san inda za su kwana a sabon gida, ni ce ba a ajiye wa wuri ba. Na tsani kwanonin, na tsani yadda Zuwaira ke duba fuskarta a murfinsu, na tsani har 'yar dariyar da take yi.

Lokacin sanyi ne, kuma ba mu taɓa samun wuta mai daɗi irin ta makon ba, tunda duk abin da aka yanke wa hukuncin ƙonewa nan yake ƙarewa. Bayan sallar isha Iya takan zauna a bakin murhu, ta tura karyayyen faifai ko ƙafar kujera, ta binne mana gyaɗa a toka. Zuwaira takan ɗora kai a cinyarta, Iya tana sosa mata tsagar kitso. Ni na daina zuwa kusa. Na koma bayan randa na haɗe rai, ina rawar ɗari, ina jira a ce in matso, ba wanda ya ce.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata baƙuwa tsaye a zaure." Mu kuma mu ce, "A ce ta shigo." Ana saura kwana kaɗan mu tashi, yara suka amsa, ni na tsuke bakina.

Ta ce an yi wata mata a wani ƙauye da rijiyarsu ta ƙafe, har mutanen gari suka shirya yin ƙaura gaba ɗaya. Matar tana da ƙorai biyu. Ɗaya mai ado ce, an ƙawata ta da zanen wuta, tana rataye a ragaya ba ta san wahala ba. Ɗayar kuwa ta sha ɗinkin gyartai, da ita ake ɗebo ruwa, da ita ake bakace, da ita ake korar kaji. Ranar tafiya matar ta lulluɓe mai ado da sabon mayafi, ta ɗaure ta a kan jaki, ta bar mai ɗinki a bakin ƙofa. Mai ɗinki ta ga haka, zuciya ta ciyo ta, ta gangara ta shige ƙarƙashin rumbu tana waƙa. Nan Iya ta sirantar da murya:

"An lulluɓe mai ado an ɗora ta a jaki,
Ni mai ɗinki ba a dube ni ba.
Bari in gangara, bari in ɓuya,
In ga ko za a san ba na nan."

Ashe matar ba ta ɗaure ta a kaya ba ne don a hannu za ta riƙe ta, ta sha ruwa da ita a hanya. Da ta waiwayo ba ta gan ta ba, sai ta shiga nema. Ta duba madafa, ta duba bayan ɗaki, mutane suna kiranta ta ce su yi gaba. Kafin ta hango ta a ƙarƙashin rumbu rana ta yi tsaka, ayari ya ɓace, jakin ma ya gaji da jira ya bi 'yan'uwansa da kayan duka. Ta karkaɗe ƙwaryarta ta kife a ka, ta kama hanya a ƙasa. Haka ta shiga sabon gari, daga ita sai mai ɗinki.

Zuwaira ta ɗago kai daga cinyar Iya. "Iya, mai adon fa?"

"Ta bi jaki. Wasu suka tsince ta, suna can suna dama fura a ciki."

"Ai ba ta yi laifin komai ba."

"Ba ta yi ba, uwata," in ji Iya. Ta tura sauran faifan cikin wuta ta ce, "Baƙuwa ta tafi, a ja ƙyauren zaure."

Ni a bayan randa daɗi ya cika ni. Na san an zage ni da maganar ɓuya, amma zagin bai dame ni ba, tunda mai ɗinki ce ta shiga sabon gari. Na ce a raina yau dai Iya ta yi abu ɗaya domina ni kaɗai.

Washegari amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gida. Matan dangin Iya ne daga ƙauyen Gaffati, akwai jikar ƙaninta marainiya da za a kai ɗaki ba ta da ko kwano. Iya ta ce a kwashe jeren duka a loda musu. Baba ya rasa inda zai sa kansa.

"Iya, in wuri ne damuwar, a ajiye su a ɗakin uwar yaran nan mana."

"Jerena a bangon surukata? Baƙi su shigo barka da tarewa su ce na wa? Ban yi ba ina da ƙuruciya, ba zan fara yanzu ba."

An san kuwa abin da aka jera wa amarya ba a zuwa karɓo shi. Zuwaira da hannunta ta riƙa fitar da su, murfi a kan kowanne, ba ta yi hawaye ba, ba ta kuma kalli kowa ba. Ni na tsaya a zaure ina kallon amalanken har ya sha kwana, kuma ba zan ce ban ji sanyi a raina ba.

Ranar da muka tare, Iya ta shiga ɗan ɗakinta, ta dubi bangon da babu komai a jikinsa, ta nuna gindinsa da ƙafa. "Ke, shimfiɗa nan. Kuma ban da minshari." Nan na kwana har na girma. Sai dai hali ba ya barin mai shi: ban yi mako ba na fara jin haushin cewa ni ina ƙasa, Zuwaira tana gado.

Iya ba ta sake tara wani jeren ba. Ciwon ƙafa ya hana ta suyar ƙuli, kuma ta rasu kafin auren Zuwaira. Mahaifiyarmu ta yi iya ƙoƙarinta, amma ranar ganin ɗaki na ji wata tsohuwa tana raɗa wa ta kusa da ita cewa wai wannan ne ɗakin 'yar riƙon Iya. Zuwaira tana lulluɓe a kan gado, na san ta ji.

Bara ni ma tashi ya kama ni, zan koma gidan da muka gina. Zuwaira ta zo taya ni rage kaya, muna zaune cikin kwalayen kwanonin da ban taɓa cin abinci a cikinsu ba, sai na ce mata, "Yaya, kin tuna tatsuniyar ƙorai da Iya ta yi min?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Ta yi miki? Ni ta yi wa. Ta riga ta aika Gaffati, ta kasa duban idona ta faɗa, shi ne ta bi ta cikin tatsuniya don kada in yi mata kuka a gaban baƙi. Ke kina can bayan randa, ni ce kaina ke kan cinyarta."

Na ce ta ɗauki duk wanda take so a cikin kwanonin nan.

"Ba kwano nake magana ba, Barira. Ni miƙa mata ni aka yi, ba ta da zaɓi. Ke kuwa zaɓen ki ta yi, da kayana ta biya. Shekara da shekaru ina kwance ina kallon ki kina barci a wurin jerena."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ta ci gaba da naɗe kwano a takarda. Tun ranar nake juya abin. Na tashi ina ganin darasin shi ne kada mai ɗinki ta raina kanta, ashe rabin da ban saurara ba shi ne wurin da aka buɗe mini an ɗauke shi ne daga hannun wadda ba ta yi laifin komai ba. Na gane wannan, na kuma ji nauyinsa. Amma da za a tsaga zuciyata a lokacin da take maganar, abin da za a fara tararwa ba tausayi ba ne. Tatsuniya ɗaya tak nake taƙama Iya ta yi domina, ita ma ashe ta Zuwaira ce.