Takalmin Birkin Boeta Salie

Boeta Salie Jappie (Boeta a bakinmu yaya ke nan) direban janwe ne, motar jan motocin da suka yi hatsari. Duk wanda ya taɓa yin hatsari tsakanin unguwannin Athlone da Mitchells Plain ya san motarsa, ja ce, ƙugiya na lilo a bayanta. A layi ɗaya muka tashi da shi a Bonteheuwel. Ni sunana Moegsien, ya ɗan girme ni, kuma shi ne mutumin da ya fara fasa mini baki a duniya, a kan ƙwallon da ma ba nasa ba.

Sana'ar janwe a garin nan ba ta masu sanyin hali ba ce. Mota ɗaya za ta faɗi, janwe biyar su taru a kanta, wanda ya fara saƙala ƙugiya shi ke da ita. Salie kuwa ko ya riga ko an riga shi, ƙugiyarsa ce ke shiga. Na taɓa ganinsa da idona ya naɗe sarƙa a hannu ya karya wa wani direba haƙarƙari, alhali mai motar na zaune a kujerarsa jini na zuba daga goshinsa, yana roƙon a kira masa matarsa. Haƙoran Salie na gaba ba cire su ya yi don ado ba irin na samarin unguwa, ƙarfen taya ne ya kwashe su a bakin gadar Vanguard. Da ya warke ya je ya nemo mai ƙarfen. Ba zan faɗi abin da ya yi masa ba, amma mutumin ya bar sana'ar, kifi yake sayarwa yanzu.

Abu biyu ne kawai na san yana lallaɓawa. Ɗaya 'yarsa Wardah, wadda ya rena shi kaɗai bayan rasuwar uwarta. Ɗayan kuma wata 'yar ƙaramar Golf, tsohuwa, da ya tsinto a cikin ruɓaɓɓun motoci ya cire mata kujerun baya da duk wani abu mai nauyi. Ranar Asabar ɗin da aka buɗe filin tseren motoci ga kowa da kowa, nan za ka same shi. Ni ina cikin masu riƙe tuta a filin, kuma wurina shi ne kwanar da ke ƙarshen doguwar miƙa, inda kowa ke taka birki da dukan ƙarfinsa. Daga nan nake gane halin mutum. Salie sai ya wuce allon gargaɗi na ƙarshe kafin ya taka, faifan birkinsa ya yi jawur, ƙaurin ya biyo iska ya same ni.

Wardah ta auri Igshaan, malamin firamare, siriri, irin mutanen da ke ba kare haƙuri in sun taka masa wutsiya. Wata rana ta zo gidan uban tana kuka, ta kasa magana. Salie bai tambaye ta komai ba. Ya hau janwe ya tafi makarantar, ya jawo Igshaan daga cikin aji, ya haɗa kansa da bango a gaban yara har hancinsa ya karye, ya bi shi da ƙafa a ƙasa. Sai da ya dawo gida yana wanke hannu ya ji abin da ya kawo ta. Ɓari ta yi. Mijin ne ma ya ce ta je wajen babanta ko za ta ji sanyi a ranta.

Shekaru suka wuce ba ta taka gidansa ba. Salie ya rame, ya ƙara zafi, direbobin janwe suka sha wuya a hannunsa a lokacin. Da ta sake samun ciki, Igshaan ɗin da aka fasa wa hanci shi ya yi ta lallashinta, wai bai kamata yaro ya tashi bai san kakansa ba. Ta yarda, amma da sharaɗi, kuma a gabana ta faɗa.

"Baba, in ka sake ɗaga hannu ka doki wani, ko waye shi, ko me ya yi maka, ka manta kana da 'ya. Abin da ke cikin nan kuma ba za ka taɓa ganinsa ba."

"Na ji," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Ban ce ka ji ba. Ka rantse."

Ya rantse. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari. Watanni ya yi yana cusa hannuwansa cikin aljihu a wurin hatsari, yara ƙanana a sana'ar suna ƙwace masa mota yana kallo.

Salie bai iya ba da haƙuri da baki ba, don haka ya yi abin da ya fi ƙarfin haƙuri a wurinsa, ya ce Igshaan ya zo fili ya tuƙa Golf ɗin. Ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarin motar nan sai shi. Igshaan ya taɓa zagaya filin a tasa motar ta zuwa aiki, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, saboda haka bai zama baƙo sarai ba.

Ana saura kwanaki kafin ranar muka je shagon Oom Freddie Fortuin sayen takalmin birki. Oom Freddie, wato kawu Freddie a bakinmu, tsoho ne, ya yi tsere a zamaninsa, yanzu yana sayar da kayan birki, ranar fili kuma ya kafa rumfa kusa da inda ake ajiye motoci. Ya zuba mana kwali uku a kan kanta.

"Wannan na titi ne, zagaye uku zai yi laushi ya bar ka da salati. Wannan na tsakiya ne, yana kamawa tun da sanyi, kuma yana jure zafi daidai 'yar motarka. Wannan kuwa na 'yan tsere ne zalla, sai ya gasu yake cizo. Da sanyi, katako ne."

Salie ya ɗora yatsa a kan na ukun.

"Salie, motarka ba ta da nauyin da za ta gasa shi da wuri. Kai kana iyawa don kai mahaukaci ne. Ba ka ce surukinka zai hau ba? Ɗauki na tsakiya."

"Oom, ni ban taɓa sa abu mai laushi a motata ba. So kake yaron ya ce surukinsa ya tsufa?"

"Ka tsufa mana. Dubi bakinka, ko fanken koesister mai laushin nan ba ka iya gutsura."

Muka yi dariya har da Salie. Oom Freddie ya miƙa masa kwalin, ya riƙe gefe ɗaya bai saki ba. "To ka gaya masa ya gasa su tukuna."

"Zan gaya masa."

Asabar ɗin ta zo da sanyin hunturu, iska na busowa daga teku tana ratsa riga. Wardah ta zo da cikinta ya tsufa, ta zauna a kujerar roba cikin bargo. Salie ya fita da safe ya yi nasa zagayen, ya dawo yana washe dasashi. Daga nan wata mota ta zubar da mai a kan kwalta, aka tsayar da kowa ana sharewa, muka yi Azahar, muka ci abinci. Golf na tsaye a iska har faifanta ya yi sanyi kamar ƙasan randa.

Kafin in koma kwanata na ji abin da Salie ya gaya wa surukinsa, yana ɗaure masa hular kwano da hannunsa.

"Kada ka taɓa birki sai ka ga allo na ƙarshe. Kana ganinsa, taka shi kamar wuyan maƙiyinka."

"Boeta Salie, ai ni ba ni da maƙiyi."

"To ka tuna da ni."

Igshaan ya yi dariya a cikin hular. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Shi Salie, duk fitar da zai yi, zagayen farko ƙafarsa ta hagu na kan birki ta dama na kan totur, yana jan motar a haka har takalman su ɗau zafi. Ya daɗe yana yi har ƙafar ta daina neman izininsa, bai ma san yana yi ba, balle ya koya wa wani. Ni ma da ke tsaye a wurin na sani, hankalina bai kai ba.

Aka sake su. Na hango Golf ta fito kan miƙa, na ji kukan injin, na ce a raina yau malam ya zo burge surukinsa. Ya wuce allo na farko, ya wuce na biyu. A na ƙarshe fitilun birki suka kama, amma motar ba ta duƙar da hanci ta rage gudu ba. Ƙara kawai ta yi, irin ta ƙarfe a kan ƙarfe, ta taho yadda take. Na ga hannuwansa suna kokawa da sitiyari. Ta bar kwalta, ta keta tsakuwa, ta daki tarin tayoyin da ke jikin katanga, bayanta ya tashi sama ta juya ta faɗo a kan gefenta. Taya ɗaya ta tsinke ta wuce ta saman kaina.

Na ɗaga jar tuta na ruga. Igshaan na rataye a bel, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, ƙashi ya huda wando. Yana numfashi, yana kiran sunan matarsa. Sai da aka yanka ƙofa aka zaro shi. Na bi motar asibitin zuwa wajen ajiye motoci, ina rataye a bayanta.

A can na tarar da taro, amma ba a wajen motar asibiti ba, a rumfar Oom Freddie. Salie ya kifar da teburin. Ya shaƙe tsohon da hannu ɗaya ya manna shi da jikin wata tirela, ɗaya hannun riƙe da sabon takalmin birki, da shi yake dukansa a fuska.

"Katako ka sayar mini, tsohon banza. Katako."

"Na gaya maka," in ji Oom Freddie, jini na fita ta kunnensa. "Salie, na gaya..."

Ya sake kai masa a baki. Mutum huɗu suka kama shi ya watsar da su. Na shiga tsakani, ya yi mini gula da gwiwar hannu na ga taurari. Tsohon ya sulale ƙasa, Salie ya bi shi da takalmin ƙafarsa a ciki, a haƙarƙari, a kai. Ya san wanda ya zaɓi kwalin nan, ya sani sarai, shi ya sa dukan ya ƙi ƙarewa. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba.

Abin da ya tsayar da shi ba ƙarfinmu ba ne. Wardah ce ta ratso taron, hannu ɗaya tallafe da ciki, bargon na jan ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, sun ce babu wurina a motar asibiti, don har da tsohon nan za su tafi yanzu. Na yi ta nemanka ka kai ni."

Ya juyo, hannunsa jina-jina. "Wardah, shi ne ya..."

"Boeta Moegsien, kai ka kai ni."

Na kai ta. Har muka isa ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ambaci uban ba.

Igshaan ya tashi, da ƙarfe a ƙafa da ɗingishin da zai mutu da shi. Oom Freddie ya rasa ido ɗaya da jin kunnen hagu, ya rufe shago ya koma wajen 'yarsa. An kori Salie daga fili har abada, kotu kuma ta yi nata. Igshaan, bawan Allah, daga gadon asibiti ya fara roƙa masa gafara. Wardah ta ce masa in ya sake ɗauko maganar, shi ma zai nemi inda za shi.

Ranar suna na je. An shimfiɗa jaririyar a kan tire cikin furanni, ana zagayawa da ita, mahaifin Igshaan ya lasa mata zuma a leɓe. Ina shan shayi Wardah ta zo ta tsaya kusa da ni, ta nuna taga da haɓa. Jar janwe na tsaye can ƙarshen layi, inji a kashe.

"Ka ce masa ya matsar da motar. Baƙi na son wurin."

Na fita, ina tafe ina shirya zagin da zan yi masa. Na sami Salie a zaune ya sa farar riga ta zuwa masallaci, an goge ta, hula a kai, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Na fasa zagin. Na gaya masa saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya gyaɗa kai. Ya kai hannu ga makulli, sai ya tsaya.

"Moegsien, mace ce ko namiji?"

"Mace."

Ya ɗan jima yana kallon ƙofar gidan, inda takalman baƙi suka taru. Sannan ya tayar da motar, ya yi baya da ita har bakin titi don kada ya wuce ta gaban ƙofar, ya tafi.