Buhun Guntayen Katako

Mai Gizago, haka kowa ke kiransa a layin kafintoci. Shekara arba'in yana haɗa katako da katako ba ƙusa ba gam, kuma har yau ba a ji ƙofarsa ta saki ba. Da ciwon baya ya hana shi manyan ayyuka, sai ya ɗauki biro. Littafi uku ya fitar kan sassaƙa da haɗin katako. Masu karantawa kuwa? Kar ka tona. Abokan sana'arsa ma dariya suke yi, wai tsoho ya koma ɗan makaranta.

Tsohon nan akwai taurin kai. Ba ya rubuta haɗi sai ya gwada shi a guntun katako, ya sa masa lamba da jan fenti, ya jefa a buhu. Littafi na huɗu, wanda ya fi ji da shi, rubutu ya kammala, zane ya rage, kuma ba mai iya zanen sai da guntayen nan a gabansa. 'Yarsa ta fari ce ke kwafe masa rubutu, ita ya riƙe wa hannu a gadon asibiti.

"Buhun nan, ki kai wa mai zane da kanki. Kar ki aiki kowa."

Ta ce, "To, Baba."

Washegarin rasuwarsa gida ya cika maƙil da masu gaisuwa. Sai da rana ta take ta samu ta zame zuwa shagonsa da ke ƙofar gida. Ga gizago a rataye, ga zarto, buhu babu. Ta dawo tana tambaya, sai ga ƙaninta, wanda ko shafi ɗaya na littattafan bai taɓa buɗewa ba.

"Buhun guntaye, Yaya? Ai itacen girki ne ya ƙare, na ba su. Sai mu bar baƙi da yunwa?"

Ta ruga murhu. A bakin wuta ta hangi jan fenti, lamba sha bakwai, rabinsa ya zama gawayi. Ta sa hannu ta fizgo shi, ko zafi ba ta ji ba. Cikin guda sittin da biyu, shi kaɗai ya rage. Wallahi ta ji ta tsani gidan da duk wanda ke cikinsa.

Matar da ke girkin ta ɗago tana share gumi.

"Allah Ya jiƙan babanku. Kai, ban taɓa ganin itace mai ci irin wannan ba! Da saura?"