Ranar da Teku Ta Cinye Motar Alhaji

Hutun nan wahala ce kawai, ba na ɓoye muku. Kwana tara muka yi a ƙasar Faransa, babu ranar da na kwanta ban gaji ba. Amma a cikinsu akwai wuni ɗaya da ba zan manta da shi ba har a sa ni a kabari.

Lokacin kuɗin mai ne, naira na da ƙarfinta. Ni direban wani Alhaji ne ɗan kwangila, shi ya kawo ni London, ya kama mana gidan haya a unguwar Whitechapel, ni da matata da yara biyu, mace 'yar shekara goma sha ɗaya da namiji ɗan biyar. Wata bazara zai tafi gida, ya miƙo mini makullin Fijo ya ce in kai yara su ga duniya kamar 'ya'yan kowa. Ban so ba, amma ba a mayar wa maigida kyauta.

Muka shiga jirgin ruwa da motar muka haye. Daga nan sai ƙauyuka, gonakin tuffa, da shanu masu ƙibar da ban taɓa gani ba. Ƙarfe goma sha biyu kowane kanti ya rufe. Nama ba ma ci don ba mu san yankansa ba, sai burodi da ƙwai da dambun da matata ta taho da shi. Ni kuwa karatuna bai wuce aji uku ba, Turancin ma da ƙyar, balle nasu.

A kwana na shida muka kai bakin teku, muka tarar da wata hanyar dutse da ta ratsa fili ta nufi wani tsibiri. Filin yashi ne jiƙaƙƙe iya ganinka, ruwan yana can nesa. Mutane da bokitai suna ta tono. Akwai allo a bakin hanyar, 'yata ta fara haɗa baƙaƙen don an soma koya musu Faransanci a makaranta, na ce mata ba karatu muka zo ba. Muka yi nisa, na sauka daga kan dutsen na ajiye mota a kan yashi. Matata ta kunna risho, ni na yi alwala na haɗa azahar da la'asar.

Ina sallamewa na ga masu bokitai suna ta komawa. Wani tsoho da dogon takalmin roba ya nufo mu yana ɗaga murya, yana buga agogon hannunsa, yana nuna mana hanya. A nan na yi wautar. A London an sha yi mana tsawa a jirgin ƙasa da kan titi don fatarmu, sai na ɗauka wannan ma korar ce. 'Yata ta ce da ni da Turanci tana jin maganar ruwa yake yi. Matata ta ce, "Malam, mu tattara mana, tunda kowa ya watse."

Na ce, "Ba gonar ubansa ba ce. Sai mun ci abincinmu."

Tsohon ya juya da sauri ya tafi.

Ku fahimce ni. Inda na tashi, kogi da damina yake cika, kuma sai an yi ruwa. Ranar nan ko gajimare babu. Kogin London ma na sha ganinsa a Deptford yana cika yana janyewa, ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka ruwan sama ne tunda garin kullum cikin yayyafi yake. Ban san teku tana tafiya ta dawo sau biyu a rana ba.

Yaron ne ya fara cewa tabarma ta jiƙe. Na waiga, ruwa ya zagaye mu, ba igiyar ruwa ba ƙara, shimfiɗowa kawai yake. Muka faɗa mota. Na ba ta wuta, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna nutsewa. Na sake, ta ƙara zama. Kafin in haƙura ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, hanyar dutsen ma ta ɓace. Babu wanda ya iya iyo a cikinmu.

Can ta inda muka biyo akwai wani dogon ginshiƙi mai tsani da ɗan dandamali a samansa. Da muka wuce shi ɗazu na ce wa yara na kallon tsuntsaye ne. Na ɗora yaron a wuya, na riƙe 'yata da hannun dama, matata ta kama bayan rigata. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, daga gwiwa ya kai cinya, yana jan ƙafa gefe. Zanin matata ya nannaɗe mata ƙafafu, tana ta salati. Saura kaɗan mu kai, 'yata ta taka rami, hannunta ya zame daga nawa, na ga kanta ya nutse. Ban san yadda na yi ba. Kitsonta na cafko na jawo ta, yaron yana shaƙe ni ta wuya yana kuka.

Muka hau ɗaya bayan ɗaya. Muna can sama muna karkarwa muka ga ruwa ya rufe motar Alhaji har rufinta. Ban damu da ita ba. Leɓen yarinyar ya canza launi, tana ta aman ruwan gishiri, ruwan kuma yana cin matakalar tsanin ɗaya bayan ɗaya, ban san inda zai tsaya ba. Matata ta rungume ta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ai yarinyar ta gaya maka."

Mun fi awa ɗaya a haka kafin mu ji ƙarar inji. Tsohon nan ne a cikin kwalekwale, shi da wani mutum. Ashe saurin da ya yi, jirgi ya tafi nema, don ya san abin da zai same mu. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe 'yata, ni ko kallona bai yi ba. Da muka isa gaɓa matarsa ta ba yaran madara mai zafi, suka sama mana ɗaki a ƙauyen.

Alhaji ya yafe motar daga baya, na ci gaba da yi masa tuƙi shekaru. Ni ne ban yafe wa kaina ba. Abin da na koya shi ne, rashin sani ba ya kashe mutum kamar ƙin tambaya, kuma ba duk mai ɗaga maka murya ne maƙiyinka ba. Don wasu sun wulaƙanta ni a wani gari, na kusa binne 'yata a wani.

Washegarin ranar da abin ya faru na yi sallar asuba, na tambayi gidan tsohon da hannu har aka nuna mini. Yana tsakar gida yana gyaran raga. Na cire takalmi, na cire hula, na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi wa manya a gida. Bai gane ba, ya yi ta jan hannuna in tashi. Ban tashi ba sai da na gama ba shi haƙuri da Hausa.