Layin Zaɓen da Ya Raba Gandunmu

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da soja suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula, lokacin da tsadar rayuwa ta kai magidanci yana tsayawa a kan matarsa in za ta auna hatsi, ni matashi ne a wani ƙauye tsakanin Dawakin Tofa da Ɗanbatta. Na yi firamare, ina karanta jarida, kuma Allah Ya ba ni baki, abin da a lokacin na ɗauka hankali ne. Ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, gandu muke yi tun rasuwar Baba: gona ɗaya, rumbu ɗaya, matanmu suna girki bi da bi. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, don haka abin da ya rufa mana asiri shi ne bijiman huɗa biyu da Baba ya bari. Mu huɗe tamu, mu huɗe wa maƙwabta, su sallame mu da hatsi.

Da zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ya zo, mutum biyu suka fito. Ɗaya wani Alhaji ne dillalin gyaɗa, wanda Baba ya yi wa mahaifinsa biyayya, yayana kuma ya gaji biyayyar kamar yadda ya gaji hular Baba. Ɗayan ɗan boko ne da ya bar aikin ofis a Kano, yana yawo ƙauye-ƙauye yana cewa zamanin manya ya wuce, yanzu talaka ne zai yi mulki. Wata rana ya ɗauke ni a gaban motarsa, ya ce daga yau ni ne shugaban matasansa na ƙauyenmu. Ban taɓa zama a gaban mota ba, kuma wallahi tun kafin na sauka na gama zama nasa.

Zaɓen lokacin ƙato bayan ƙato ne, babu sirri. Ana kafa hoton ɗan takara a filin makaranta, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna gari yana kallo. Ina tsaye a gaban layinmu, yayana a gaban nasu, sai ga Inna ta iso da mayafinta. Ta dubi wannan layi, ta dubi wancan, mu biyu kowa ya zuba mata ido. Ta daɗe a tsakiya cikin rana, sannan ta juya ta koma gida ba ta tsaya a bayan kowa ba. Maimakon wannan ya sanyaya mini jiki, da aka ce mu muka ci sai na ɗaga murya na yi wa yayana ba'a a gaban jama'a, na ce layinsa ya yi gajarta kamar tunaninsa. Mutane suka yi dariya.

Kafin damina aka kawo takin zamani, aka ce a raba wa waɗanda aka gani a layinmu. Na kai nawa gida ina taƙama, sai 'yan jam'iyyarmu suka fara surutu, wai takinsu zai ciyar da ɗan adawa. Maganar ta koma kunnen yayana, ya rantse ba zai ci tuwon da wannan taki ya noma ba. Inna ta roƙe mu, liman ya zaunar da mu, ni na ƙi ba da haƙuri, shi ya ƙi janye rantsuwa. Aka kira dattawa suka raba gandu, aka dasa gamba a tsakiyar gonar Baba. Da aka zo kan shanu kowa ya ƙi bar wa ɗan'uwansa, sai aka ba shi bijimi ɗaya da garma, aka ba ni ɗaya da karkiyar da ake haɗa wuyansu da ita. Duk manomin da ke wurin ya san sa ɗaya ba ya huɗa, amma ba wanda ya iya tanƙwara mu. Daminar nan da fartanya muka yi ta, kafin wata daminar ta zagayo yunwa ta sa kowannenmu ya kai bijiminsa kasuwa.

Manyan namu kuwa, da siyasa ta sake dawowa sai ga su a jam'iyya ɗaya, daga baya ma ɗan wannan ya auri 'yar wancan. Na je ɗaurin auren. Su suna ciki a kan kujeru suna tafawa, ni ina waje a kan tabarma, na hango yayana a wata tabarmar, muka kau da kai. Mutumin da na rasa gandu dominsa ya wuce ta gabana, ya miƙo mini hannu yana tambayar daga wane gari nake.

Kwanaki 'yata da ke karatun zamantakewa a jami'a take gaya mini cewa masana sun daɗe da faɗa: a kowace ƙasa 'yan tsiraru ne ke riƙe da mulki, zaɓe kuwa dama ce talaka ya sauya waɗansu da waɗansu in sun gaza. Ban yi mata musu ba, kuma ban taɓa fashin zaɓe ba, don wannan damar ma ba ƙarama ba ce. Abin da nake ja wa matasa kunne a kai shi ne, manya takara suke yi, ba gaba ba, kuma sun san ƙofar gidajen juna. Ka jefa ƙuri'arka, ka riƙe bakinka, ka koma gida ka ci tuwo da ɗan'uwanka. Ni na yi ta cewa gobe zan shiga wurin yayana, har aka aiko mini ya rasu. Garmar tana bayan rumbun 'ya'yansa ta yi tsatsa, karkiyar tana rataye a zaurena, ina wucewa ta ƙarƙashinta kullum in zan fita masallaci.