Ranar da Aka Kai Ƙarar Rukayya

Alabar

Ana kiran assalatu na rufe ɗaki, ranar ban ɗora tukunyar wake da shinkafar da nake sayarwa ba. Malamar 'yata Rukayya ce ta bugo waya ta ce in zo, akwai magana. Rukayya kurma ce, shekararta tara. A makarantar unguwarmu ta Alabar shekara biyu ta yi a kujerar baya kamar buhun gawayi, har aka ce in ɗauke ta. Yanzu tana makarantar kwana ta kurame, kuma gabana faɗuwa yake kada nan ma a ce in kwashe ta.

Hanya

Na shiga motar haya, trotro, a Krofrom, muka bi ta Tafo. A shingen 'yan sandan Mamponteng yaron mota ya leƙa fuskata.

"Maame, mutuwa aka yi?"

"Makaranta za ni."

"Ei, to ki sha koko mana. Ticha ba ya cin mutum."

Na sayi koko da ƙosai a Agona, amma har na sauka ban taɓa su ba.

Makaranta

Komai irin na sauran makarantu ne: rigar makaranta, layin safe, littattafai, har jarrabawar ƙarshe ɗaya suke yi da masu ji. Dokar aji ma sun ɗauko ta yadda take. Malamar ta ba ni kujera, ga Rukayya a tsaye ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, 'yarki ta dame mu da surutu."

"Madam, Rukayya fa? Tawa?"

"Ita paa, ita ɗin dai! Da na juya ga allo, sai hannunta ya hau zuba zance. Na raba ta da ƙawarta, ta koma yi mata ta taga. Sau uku tana sharar fili a kan haka."

Na so in ɗaure fuska irin ta iyaye, sai dariya ta ƙwace mini, hawaye na bin ta. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙara irin wannan ba.

"Ba korarta za ku yi ba?"

"Kora? Ki dai ja mata kunne. Amma Hajiya, in ta zo hutu, da wa take hira a gida?"

Ni abin da na iya shi ne zo, ci, kwanta. Kunya ta kama ni.

Maimakon faɗa, sai na zauna da Rukayya gindin mangwaro na miƙa mata hannuwana ta koya mini maganar hannu. Ta lanƙwasa mini yatsu, na ɓata, ta buge mini hannu ta sake.

Gida

Duk hanyar dawowa ina maimaitawa a cinyata, har fasinjoji na kallona. Na iso bayan la'asar lafiya, godiya ga Allah, Ya saka wa malaman nan da alheri. Maigidana na bakin ƙofa yana jira.

"Me ta yi?"

"Surutu, Alhaji. Ajiye rediyon nan ka ba ni hannunka."