Tumatirin Malam Hadi

Muna idar da sallar asuba muka bar Kano a motar asibiti, ni da direba da wata nas. Malam Hadi muke nema, wani manomin rani da aka yanko wa tsoka daga ƙarin da ya fito masa a wuya.

Mako uku ina renon ƙwayoyin ciwon dajin nan nasa a kwalabe, a ɗakin gwaji. Kullum in ɗiga musu shuɗi, in duƙa a madubin hangen ƙwayoyi ina ƙirga: matattu su rine, masu rai su ƙi. Maganin da yake sha ko gezau ba su yi masa ba, sai ma ƙaruwa. Na uku da muka gwada ne ya karkashe su. Shi ne likita ya ce a kawo mutumin yau, ba gobe ba.

Hanyar Zariya lafiya lau, amma daga Kura muka faɗa ramuka har haƙora na haɗuwa. Muka karya da waina ta sule biyu, mai ya fi shinkafa yawa. Ko'ina kore shar, ruwa na gudu a magudanai, Fulani na kora shanu ta gefe.

Wajen Bunkure muka same shi cikin taɓo, ya naɗe wuyan da rawani. Na yi masa bayani dalla-dalla.

“Sannunku da ɗawainiya, malam,” in ji shi. “Amma duk Talata ake sako mana ruwa. In na tsallake biyu, tumatirin ya ƙone, baɗi a ba wani filin. A bari in cire.”

Kwana arba'in ke nan! Na tasar wa malamin rabon ruwa, yana kishingiɗe a inuwa da rediyo. Na roƙe shi ya ɗaga wa Malam Hadi ƙafa, ko tashi bai yi ba, wai doka ce daga sama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Nas ce ta ja ni mota.

Da la'asar muka iso gida, kujerar baya babu kowa. Abin da na koyo shi ne, mun gwada komai ban da tambayar wa zai tsaya wa mara lafiya a gona. Asabar zan koma da wana, manomi ne, ya riƙe masa ruwan. In Malam Hadi ya sake ce mini tumatir, a kafaɗa zan saɓo shi.