Guurtje da Dankalin Kamfani

Guurtje Koomen ta kama aiki a wani kamfanin irin shuka a garin Andijk tana budurwa, ba ta bar shi ba sai da furfura. Aikinta barbarar kabeji a gidan gilashin da ake renon shuka: ta buɗe fure da ɗan hantsaki, ta ɗebo garin wani furen ta shafa masa, ta rufe da jakar takarda. Da fari kamfanin na wani iyali ne 'yan gari. Daga baya masu maganin feshi suka saye shi, su ma wasu suka haɗiye su. Ana ta canza tambarin rigar aikinta, ita ba ta canza komai ba.

Sababbin masu kamfanin ne suka kawo dankalin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don kada cutar ruɓa ta kama shi. Aka kewaye gonar gwaji da waya, aka sa Guurtje cikin masu shuka.

Tana da ƙane, Siem, manomi ne mai ajiye irinsa da kansa. Wata Asabar da safe shi da tawagar masu zanga-zanga suka yanke wayar, suka tuge dankalin kaf. 'Yan sanda suka kama shi, taɓo har gwiwa. Da aka sake shi, ita ta je ɗauko shi.

"Yaya, ba da ke nake ba fa," in ji shi.

"Bayana ne ya sunkuya a gonar nan, ba na shugaban kamfani ba. Tsofai-tsofai da kai kana tsallake waya kamar bunsuru."

"Yau dankali ne. Gobe sai mun nemi izini kafin mu shuka abin da muka girbe da hannunmu."

"Naka da ya ruɓe bara, izinin wa ya nema? Cire takalmin nan kafin ka shigar min mota."

Kotu ta yanke masa hukuncin sharar filin kasuwa. Kamfani ya kwashe gwajinsa ya kai wata ƙasa, ya rufe gidan gilashin, aka sallami Guurtje kafin lokacin ritayarta. Ba ta taɓa cewa Siem ne ya jawo mata ba, ba ta kuma taɓa zuwa taron masu zanga-zangar ba. Duk Lahadi yana zuwa cin abinci wurinta, su yi gardama kan wani abu dabam.

'Ya'yan Siem ba su so noma ba. Da ya rasu, wani mai noman furanni ya sayi gonarsa. Guurtje tana gidan tsofaffi a garin Enkhuizen yanzu, ɗakinta yana kallon tashar jiragen ruwa.